Afrique Victime Bai Yi Kwantai Ba: Martani ga Mai Neman Faifai a Kasuwar Kurfi

Kwanakin baya wani marubuci ɗan Dutsin-Ma ya fitar da maƙala a kan Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Ba'abzine na Jamhuriyar Nijar, da kundin waƙoƙinsa mai suna Afrique Victime. Malamin ya ce ya ga jaridun Turai da Amurka suna ta kambama kundin, sai ya zaga shagunan Dutsin-Ma, ya kuma hau mota ya je Kurfi ranar kasuwa, yana cigiyar mai sayar da shi. Bai samu ko kwafi ɗaya ba, kuma yawancin waɗanda ya tambaya ba su taɓa jin sunan makaɗin ba. Daga nan ya yanke hukunci uku. Na farko, kundin ya yi kwantai a gida. Na biyu, kiɗan rok mai rugugin jita kayan Turawa ne da aka naɗa wa rawani. Na uku, makaɗin da 'yan'uwansa ba su sayi hajarsa ba, yabon baƙi ba zai mai da shi gwani ba.

Malamin ya cancanci yabo a kan abu ɗaya: bai zauna a ɗaki ya yi shaci-faɗi ba, ya taka ya tambaya. Abin da ya gani kuma gaskiya ne. Babu faifan Afrique Victime a Kurfi, babu shi a Dutsin-Ma, kuma da wuya a je biki a Birchi ko Wurma a ji an sa shi a lasifika. Inda aka raba gari da shi shi ne fassarar da ya yi wa wannan rashi.

Akwai tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa: faifan wa ya gani a shagunan? Da ya nemi na Hamisu Breaker, wanda waƙarsa Jarumar Mata ta cika gidajen Arewa a 2020, da wuya ya dawo da shi a hannu. Da ya nemi sabon bugu na Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda babu lungun da ba a san muryarsa ba a jihar Katsina, sai ya sha yawo. Ba wanda zai ce Shata ya yi kwantai a Kurfi. Faifan ne ya bar kasuwa, waƙa tana nan.

Duk mai son ganin yadda waƙa take shiga hannun mutane a yau, ya je rumfar cajin waya da ke bakin tasha. Ƙaramin janareta yana ruri a baya. A kan tebur ga allon katako mai jerin soket, wayoyi sun fi ashirin suna shan wuta, kowace da 'yar takarda mai lamba a manne. A gefe ga tsohuwar kwamfutar cinya, an ɗaure murfinta da salatif. Ɗan acaɓa ya kafe babur, ya zare memori daga wayarsa, ya miƙa wa mai rumfa, ya ce a cika masa amma a bar wa wa'azi wuri. Mai rumfa ya buɗe jakunkunan da ya tsara da kansa: wa'azi, nanaye, siyasa, Indiya, gargajiya, Nijar. Ya kwashi ɗaruruwan waƙoƙi ya zuba, wasu da suna, wasu lamba ce kawai, wasu an rubuta musu sunan wani mawaƙi dabam. Ɗan acaɓa ya biya 'yan nairori ya tafi. Da dare a teburin mai shayi, abokansa uku za su kwashe abin da suke so ta Xender ko Bluetooth, kyauta.

A wannan ciniki babu rasit, babu lissafi, kuma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya yi waƙar. Idan kiɗan Mdou Moctar yana cikin waccan jakar da aka rubuta wa Nijar, mai rumfa ba lallai ya san sunansa ba. Idan kuma babu shi, tambayar faifai a shago ba ita za ta tabbatar da hakan ba. Hanyar da malamin ya bi ba ta iya nuna samu, ba ta iya nuna rashi.

Ma'aunin da ya ɗauko na wata kasuwa ne. A Amurka, kowane faifai da ya fita daga shago yana barin sawu. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta ƙasar, RIAA, tana ba kundi lambar zinare in ya sayar da kwafi 500,000, ta ba shi ta falatinam in ya kai miliyan ɗaya, kuma tun 2016 tana lissafa sauraro 1,500 ta intanet a matsayin kwafi guda. Da irin wannan awo aka san cewa Back in Black, kundin da ƙungiyar AC/DC ta Ostareliya ta fitar a Yulin 1980, wata biyar bayan rasuwar mawaƙinta Bon Scott, ya sayar da kimanin kwafi miliyan 50 a duniya. Adadin ya samu ne domin akwai masana'antar buga faifai, akwai dillali, akwai shago, akwai mai tattara rasit, akwai kuma doka mai haƙori da ke bin ɓarawon fasaha. In aka cire waɗannan, AC/DC ma ba za ta iya faɗin yawan masu sauraronta ba.

Wani zai ce ai yanzu akwai intanet, a duba can. To, a duba kwanan wata. Afrique Victime ya fito ranar 21 ga Mayu, 2021, a ƙarƙashin kamfanin Matador na New York. Spotify bai buɗe wa Najeriya ƙofa ba sai a Fabrairun wannan shekarar, wata uku kacal kafin nan. A watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki, aka zauna haka har wajen ƙarshen shekara. Mutanen yankin ba su manta da lokacin ba: mai son yi wa ɗansa waya sai ya shiga mota ya nufi inda ake samun sabis. Watannin da jaridun waje suke jera kundin cikin fitattun na shekara su ne watannin da mutumin Kurfi ba ya iya aika saƙon tes. Neman sawun Kurfi a lissafin sauraro na 2021 neman abin da ba a ba shi damar wanzuwa ba ne.

Babban abin da maƙalar ta tsallake shi ne tarihin makaɗin kansa, kuma tarihin ya juya hujjar malamin a kanta. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa ne. Ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayoyin birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar. A 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato, ya shiga situdiyo irin wanda ake buga waƙoƙin Hausa na zamani, ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Duk wanda ya saurare shi zai ji ƙamshin situdiyon Hausa na wancan lokaci: gangar na'ura, da muryar da aka tace da Auto-Tune har tana rawa, irin wadda masu sauraron waƙoƙin finafinan Kano suka saba da ita.

Ba wani kamfani da ya buga Anar a lokacin. Waƙoƙin sun fita daga situdiyo suka shiga memori, daga memori zuwa waya, daga waya zuwa waya, suka bi motocin haya da na dakon kaya har suka ratsa Sahara. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal, arewacin Mali, ya yi ta cin karo da wata mai suna Tahoultine. Ya sa ta a tarin da ya fitar mai suna Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai ita, har ya same shi a Nijar. Sai a 2014 aka buga Anar a faifai, shekara shida bayan naɗarsa.

A lura da yadda abin ya jeru. Matasan Sahel ne suka fara zaɓen wannan makaɗi, suka ba shi wuri a memorin da bai da yalwa, suka yi ta tura wa juna. Baturen ya biyo sawunsu ne. Mutumin da waƙarsa ta taso daga Sakkwato ta kai Kidal ba talla, ba rediyo, ba kamfani, ba a ce masa gida ta ƙi shi. Gida ta karɓe shi tun farko. Biyansa ne ba ta yi ba.

Kamfanin Matador ma ya san da wannan, shi ya sa lokacin da Afrique Victime ya fito, cikin nau'o'in da aka sayar har da wayar Nokia 6120 da aka zuba kundin a cikinta, don tunawa da hanyar da kiɗan ya fara bi.

Sai hukunci na biyu, cewa kiɗan na Turawa ne. Gaskiya ne jitar lantarki ba a Agadas aka ƙera ta ba, kamar yadda fiyanon Yamaha da ya riƙe waƙoƙin nanaye ba a Kano aka ƙera shi ba, kuma ba wanda ya ce Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef suna kiɗan Japan. Gaskiya ne kuma Mdou Moctar ya sha faɗin yadda kallon makaɗin jita Eddie Van Halen ya buɗe masa ido, kuma mai kaɗa masa jitar bes, Mikey Coltun, Ba'amurke ne. Amma a kasa kunne ga abin da yatsunsa suke yi. Zagayen da yake maimaitawa, yana ƙara masa gudu kaɗan-kaɗan har masu rawa su rasa inda za su sa ƙafa, daga takamba ya fito, kiɗan molon Abzinawa da ƙwarya. Tafin da ke raka shi na tende ne, kiɗan turmi na matan Abzin. Kunnen da ya saba da gurmin Haruna Uji, da kukumar Ahmadu Doka, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, ba zai ji baƙunci a nan ba: tsirkiya ce take magana, tana amsa wa murya, tana gudu tana dawowa gida. Sauran abokan tafiyarsa, Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganga, 'yan Nijar ne da suka goge a filayen biki.

Shi kansa rok ɗin, in aka bi salsalarsa, daga hannun baƙar fatar Amurka ya fito, irin su Chuck Berry da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne kamar Mdou. Ba kuma yau Afirka ta fara karɓarsa ba. A 1973 ɗaliban kwalejin St. Gregory's ta Legas, ƙungiyar Ofege, suka fitar da Try and Love, ya kuma samu karɓuwa sosai a Najeriya. A Sahara, kaset-kaset ɗin ƙungiyar Tinariwen sun yi ta yawo hannu da hannu tun shekarun 1980, shekaru da dama kafin kundinsu Tassili ya ci kyautar Grammy a 2012. A Yamai akwai Tal National, ƙungiyar da Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, yake jagoranta. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, suna kaɗa jita da gudun da zai ba ɗan rok na kowace ƙasa mamaki, kuma sun shahara a gida shekaru kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da kundinsu Kaani a 2013. Da yake babu dillalan faifai a ƙasar, da kansu suke sayar da faya-fayansu a shataletalen Yamai. Jitar lantarki ta daɗe da zama 'yar gida a bukukuwan Agadas da Tawa da Yamai.

Malamin ya kawo batun harshe, ya ce mutumin Kurfi ba ya jin Tamashek. Haka ne. Amma mutumin Kurfi ba ya jin Indiyanci, ga shi jakar Indiya ba ta taɓa rasa mai nema a rumfar caji ba. Shekaru sama da hamsin Bahaushe yana sauraron waƙoƙin finafinan Indiya, yana jin kiɗan Sudan, yana jin na Mali, bai taɓa neman tafinta ba. Su kuwa Abzinawa ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina. Ayarin raƙumansu ya yi ɗaruruwan shekaru yana sauke gishirin Bilma da dabino a kasuwannin Hausa, yana komawa da gero da tufafi. A Kano akwai unguwar Agadasawa. A Agadas kanta, Hausa ce harshen kasuwa. Mutumin da ke Kurfi ya fi kusa da mai kiɗan nan, ta jini da ciniki da addini, fiye da duk wani ɗan jaridar Landan da ya yabe shi.

Abin da waƙoƙin ke faɗa ma bai yi wa Bakatsine nisa ba. Akwai na soyayya da kewar gida, akwai kuma na kuka a kan halin da Afirka take ciki. Tun 1971 kamfanonin Faransa suka fara haƙar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana haskaka biranen Turai da shi, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana a duhu, kaso mai tsoka na wutar ƙasar ma daga Najeriya ake sayo shi. Kundin da ya biyo baya, Funeral for Justice, wanda ya fito a Mayun 2024, ya ƙara zafi: ya ambaci Faransa da suna, ya koka da yadda harshen Tamashek yake zubewa daga bakin yara, ya yi kira ga shugabannin Afirka. Lokacin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar Mdou Moctar tana rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ɗin cikinta suka rasa hanyar komawa gida, sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. A wannan zaman jira suka sake naɗar waƙoƙin da jitar katako, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Rufe iyakar da ya tsare su a can shi ne ya tsayar da manyan motoci a Jibiya, ya raba 'yan'uwa tsakanin Katsina da Maraɗi na tsawon watanni. Masifa ɗaya ce ta taɓa su duka.

Saura hukunci na uku, kan yabon baƙi. A nan ma akwai gyara, har ga masu goyon bayan makaɗin. Afrique Victime bai yi cinikin AC/DC ba, bai kusa ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ya yi. Kasuwarsa a waje matsakaiciya ce: masu sayen faifan garmaho, da masu sayen tikitin wasa. Amma kasuwa ce ta gaske, kuma tana girma. Mutumin da ya naɗi kundin Ilana a Detroit, ya fitar da shi a 2019 ƙarƙashin ƙaramin kamfani, ya koma Matador, ya hau dandalin bikin Coachella na Kalifoniya a 2024. Ɗan ƙasarsu Bombino ya riga shi buɗe hanyar: kundinsa Nomad na 2013 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kiɗan duniya, Deran na 2018 kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy.

Ko a can inda ake da ma'auni, masana ba sa gaggawar cewa kundi ya yi kwantai. Appetite for Destruction na ƙungiyar Guns N' Roses ya fito a Yulin 1987, ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na 182, gidajen rediyo da talabijin suna ɗari-ɗari da shi. Sai da ya shekara kafin ya kai na ɗaya, a Agustan 1988, daga baya ya haura kwafi miliyan 30. Abin da ya canza tsakanin watan farko da na goma sha biyu ba waƙoƙin ba ne. An fara sa su ne a inda mutane za su ji. Kafin a ce mutanen Kurfi sun ƙi Afrique Victime, sai a fara nuna ranar da wata tashar rediyo ta sa musu shi suka murɗa akwati.

Duk da haka, akwai ciwo na gaske a ƙarƙashin maƙalar malamin, sai dai ya ɗora yatsa a inda ba nan ne ba. Ciwon shi ne makaɗi a wannan yanki ba ya cin gumin kundinsa. Tun asali ma ba daga faifai abincin makaɗin Hausa yake fitowa ba. Shata ya yi faya-fayai, amma motoci da dawakai da riguna daga iyayen gidansa suka zo. Narambaɗa da Ɗanƙwairo a inuwar sarakuna suka rayu. An ɗan samu wani lokaci, zamanin kaset da sidi, da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiya, ɗan kasuwa yana sayen aiki, yana bugawa, yana rarrabawa har Maraɗi da Damagaram, ana iya cewa wane ya sayar da kaza. Satar fasaha ta raunana wannan tsari, memori da 'yan dawunlodin suka ƙarasa shi. Yau mawaƙi yana sakin waƙa ne kamar mai raba katin gayyata, yana fatan a kira shi biki a yi masa liƙi, ko wani mai hali ya sa shi waƙar amarya, ko ɗan siyasa ya ɗauke shi lokacin zaɓe. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, shaida ne cewa a wannan fage na ƙarshe ake samun kuɗi mai kauri.

Wannan tsari yana ciyar da mai yabo. Mai faɗakarwa fa? Waƙar da ta ce wa mai mulki ya ji tsoron Allah, ko ta tambayi inda arzikin ƙasa yake tafiya, ba ta da ubangida. Ba mai liƙi a kanta, ba mai ba da mota saboda ita. A inda ake sayen kundi, talakawa dubu ɗari za su iya haɗa 'yan kuɗinsu su riƙe irin wannan mawaƙi ba tare da sun san juna ba. A inda ba a saye, sai dai ya yi shiru, ko ya koma yabo, ko ya nemi masu saye a wata nahiya. Mdou Moctar ya bi hanya ta uku. Yana kaɗa wa Amurkawa a manyan zaure, ya dawo ya kaɗa a bikin aure a Nijar, kuma an sha ba da labarin yadda yake sa abin da ya samo wajen haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi. Zargin sa da cewa baƙi ne suke biyansa daidai yake da zargin manomin da ya kai hatsinsa wata kasuwa bayan an saba ɗiba a rumbunsa ba a biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai rumfa ya samu, kamfanin waya ya samu, mai sayar da memori ya samu, wanda ya kwana a situdiyo ne kaɗai ya tashi hannu rabbana.

Kuma abin bai tsaya kan ɗan Nijar ba. A Dutsin-Ma, garin da ke da jami'ar tarayya tun 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, akwai matasa masu murya da basira da suke tara kuɗin situdiyo da ƙyar, su naɗi waƙa, su ji ta a wayar wanda ba su sani ba, su yi murna, su koma gida ba kuɗin sabulu. Hukuncin da malamin ya yanke wa Afrique Victime, in aka bi shi, ya hau kansu su ma: tunda ba a ga faifansu a shago ba, ba su da kasuwa, tunda ba su da kasuwa, ba su iya ba. Wannan zalunci ne ga yaran da kasuwar ta riga ta zalunta.

Akwai aikin da za a iya yi, kuma bai fi ƙarfin yankin ba. Ɗaliban harshen Hausa da na tattalin arziki a manyan makarantun Dutsin-Ma za su iya zama da masu rumfunan caji na wata guda, su rubuta abin da aka fi nema da abin da aka fi turawa. Wannan ne zai zama jadawalin farko da ya auna kunnen Kurfi da tiyar Kurfi. Gidajen rediyon Katsina, waɗanda ake kama su har tsallaken iyaka, za su iya ware wa kiɗan jitar Nijar rabin awa a mako su ga ko masu sauraro za su bugo waya. Masu tura waƙa kuma, da yake sana'arsu a kan gumin mawaƙa take tsaye, za a iya zama da su a yi yarjejeniya, su riƙa sayen sabon aiki daga hannun mai shi kafin su raba, ko da kuɗin kaɗan ne.

Malamin ya riga ya nuna ba ya ƙyashin tafiya, don haka ya sake hawa motar Kurfi ranar kasuwa. A wannan karo ya wuce shagunan, ya zauna a bencin mai caji, ya roƙe shi ya buɗe jakar Nijar, su saurara tare, ya ƙirga masu jita nawa ne a ciki da sau nawa aka nemi a tura su a makon. Sannan ya tambayi mai rumfar, cikin kuɗin da ya tara tun safe, nawa ne zai isa hannun ko da mutum ɗaya daga cikin waɗanda muryoyinsu ke cikin kwamfutar. Abin da mai rumfar zai faɗa masa shi ne maƙalar da mawaƙan Dutsin-Ma da makaɗan Agadas suke jira ya rubuta.